Ladubban Raɗa Suna a Aikin Rumbun Bayanai

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a Maraɗi ko a Tsibirin Gobir, ya ga yadda ake buɗe littafin fiƙihu ko na nahawu, ya san cewa magabata ba su shiga wata mas'ala sai sun fara tsayar da ma'anar kalmomin da za su yi aiki da su, su ce wannan lafazi a lugga kaza yake nufi, a isɗilahin ma'abota fanni kuwa kaza yake nufi, domin sun tabbata cewa galibin saɓanin masu ilmi daga wajen suna yake tasowa kafin ya kai ga hukunci. Wannan ladabi, wanda wasu za su zaci ya tsaya ga ma'abota tawada da alƙalami, yau ya hau wuyan wani sabon jinsi na marubuta, wato samari da ƴan matan da ke fitowa daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da sauran makarantun fasaha na garin nan, waɗanda ake neman su rubuta manhajojin da za su riƙe lissafin shaguna, da kantunan magani, da makarantu, da ƙungiyoyin manoma. Manufar wannan nazari ita ce a duba al'adar da ta kafu a tsakanin masu wannan sana'a game da raɗa wa ayyukan manhaja suna, a ga inda ta dace da inda ta kauce, sa'an nan a auna ta da halin da ƙasarmu ke ciki.

Ya kamata a fara da bayyana abin da ake magana a kansa. Rumbun bayanai ma'ajiya ce a cikin kwamfuta inda ake jera labarai cikin jadawali, kowane jadawali da layukansa, kamar a ce jadawalin manoma, kowane layi manomi ɗaya, da sunansa da gonarsa da bashin da ke kansa. Asalin wannan tsari yana komawa ga maƙalar da Edgar Codd, masani a kamfanin IBM, ya wallafa a 1970, harshen SQL kuma, wanda da shi ake yi wa rumbun magana, an tsayar da ƙa'idarsa a Amurka a 1986. Amma marubucin manhaja na yau ba kasafai yake fuskantar rumbun kai tsaye ba. Yakan tattara ƴan umarni wuri ɗaya, ya ba su suna, ta yadda duk sa'ad da aka ambaci sunan sai aikin ya gudana; wannan dunƙulen aiki shi ne masu sana'a ke ce wa metod. Misalinsa kamar yaron da alhaji ke aika sito ne: alhaji ba ya bin sa ya ga abin da ya yi a ciki, iyakarsa ya faɗi saƙo ya jira sakamako, kuma dukan amincin mu'amalar ya rataya ne a kan cewa abin da aka faɗa shi aka aikata, ba ƙari ba ragi.

Na'ura ba ruwanta da suna. Ko an kira metod da harafi ɗaya, ko da kalmar da ba ta da alaƙa da aikinsa, za ta zartar da shi daidai. Wanda sunan ya shafa shi ne ɗan Adam, musamman wanda zai gaji aikin bayan shekara biyu ko uku, sa'ad da marubucin farko ya koma Yamai ko ya tsallaka Kano, ba kuma wanda ya rage da za a tambaya. Wannan magaji ba shi da sukunin buɗe kowane metod ya karanta cikinsa, sai dai ya gaskata sunan ya yi gini a kansa. Saboda haka nake ganin suna a wannan fage alkawari ne da marubuci ya ɗauka wa wanda bai sani ba, kuma kamar kowane alkawari, yana da sharuɗɗan da sai sun cika yake inganta. Na tattara su guda biyar, zan kawo misalan da na ƙaddara da Hausa domin sauƙin fahimta.

Sharaɗi na farko shi ne sunan ya rarrabe tsakanin tambaya da umarni. Malaman balaga sun daɗe da raba istifhami da amri, kowane da babinsa, wani masani Bafaranshe kuma, Bertrand Meyer, wanda ya ƙirƙiro harshen Eiffel, ya kafa irin wannan ƙa'ida a littafinsa na 1988, inda ya nuna cewa metod ko dai ya amsa tambaya ba tare da ya taɓa kome ba, ko kuma ya sāke wani abu, amma kada ya haɗa biyun a ɓoye. Mu ƙaddara an rubuta manhaja domin manoman fadamar Jiratawa, inda aka shimfiɗa aikin noman rani na wajen hekta 500 tun farkon shekarun 1980, ƙungiyoyin manoma ke gudanar da shi da taimakon hukumar ONAHA, kowane mai fili kuma yana biyan kuɗin ruwa a ƙarshen zagayen noma. Idan marubuci ya sa wa wani metod suna duba_kuɗin_ruwa, alhali kuwa bayan lissafawa yana kuma rubuta adadin a matsayin bashi a kan manomi, to ranar da magajinsa ya kira shi sau biyu, sau ɗaya don nunawa a fuskar kwamfuta, sau ɗaya don buga takarda, mai zogale ko albasa zai wayi gari da bashi ninki biyu, ba tare da wani ya yi nufin zaluntarsa ba. Kalmar duba ta yi alkawarin cewa ido kawai za a sa, hannu ba zai taɓa ba. Gyaran kuwa mai sauƙi ne: a raba aikin gida biyu, lissafa_kuɗin_ruwa da rubuta_bashin_ruwa, kowane ya tsaya ga haddinsa.

Sharaɗi na biyu shi ne, gwargwadon haɗarin aiki, gwargwadon bayyanar haɗarin a cikin sunan. A nan ne manyan kayan aikin duniya suka bar mana darussa masu yawa, na koyi da na gujewa. A cikin SQL kansa akwai umarni uku da ɗalibi kan rikita: DELETE, wanda ke cire layukan da aka ayyana, in ba a ayyana ba kuwa ya cire su duka, da TRUNCATE, wanda ke kwashe jadawali gaba ɗaya, da DROP, wanda ke kawar da jadawalin kansa har da tsarinsa. A cikin Ruby on Rails, wanda ya fito a 2004, akwai delete da destroy, kalmomi biyu da mai jin Ingilishi zai ɗauka ma'anarsu ɗaya, alhali destroy yana bin dukan matakan da aka gindaya kafin shafewa da bayanta, delete kuwa yana tsallake su ya nufi rumbun kai tsaye. Wanda ya fi wannan tsanani shi ne update_attribute da update_attributes, waɗanda harafi ɗaya tak ya raba su, na farko yana ajiye canji ba tare da tantance ingancinsa ba, na biyu yana tantancewa. Sai a fitowa ta 6.1, a ƙarshen 2020, aka janye na biyun aka bar update a madadinsa. A ɗaya gefen, masu MongoDB sun yi abin yabo sa'ad da, a fitowa ta 3.2 a 2015, suka kawo deleteOne da deleteMany domin su maye gurbin remove, wanda in an ba shi sharaɗi fanko yakan share kome. Haka nan Laravel ya ware forceDelete ga shafewar da ba a dawowa daga gare ta, a inda aka zaɓi a riƙa ɓoye layi maimakon hallaka shi. Hikimar a fili take: aikin da ba shi da magani in an yi kuskure, ya kamata sunansa ya tsayar da hannun mai rubutu ya sake tunani.

Sharaɗi na uku shi ne sunan ya faɗi adadin abin da zai dawo da shi, mufradi ne ko jam'i, ya kuma faɗi abin da zai auku in ba a sami kome ba. Django ya tsayar da wannan da kyau: get yana dawo da abu ɗaya, in bai samu ba ko ya sami fiye da ɗaya sai ya ɗaga ƙara, wato ya sanar da kuskure, filter kuwa kullum tari yake dawowa da shi, ko da tarin fanko ne. Rails yana da find mai ɗaga ƙara da find_by mai dawowa shiru hannu wofi, bambancin da sunayen biyu ba su nuna ba, sai wanda ya haddace. Shi kuwa findOrFail na Laravel ya fi su fasaha, domin ya ambaci makomar rashin samu a cikin lafazinsa. Wannan mas'ala tana da nauyi na musamman a wurinmu. A ce za a rubuta manhajar rijistar haihuwa domin ma'aikatar magajin garin Tibiri, wato Tsibirin Gobir, marubuci kuma ya kafa metod mai suna nemo_mutum wanda ke karɓar suna ya dawo da layin farko da ya ci karo da shi. A ƙasar da ake kiran mutum da sunansa da na mahaifinsa, inda unguwa ɗaya za ta tara masu suna iri ɗaya da dama, inda kuma ake rubuta suna guda Mahamadou a wata takarda, Mahamane ko Mamane a wata, irin wannan metod zai miƙa wa wani takardar wani. Hatta sunan garin bai tsira ba, gama a rubutun hukuma Tibiri biyu ne a Nijar, na Gobir a jihar Maraɗi da wani a jihar Dosso, Jiratawa kuma ana samunta a takardu da rubutu fiye da ɗaya, Djiratawa da Djirataoua. Malaman mandiƙi suna sharɗanta wa ta'arifi ya zama jami'i mani'i, wato ya tattaro duk abin da ake nufi ya kuma hana waninsa shiga. Sunan nemo_da_lambar_rijista ya cika wannan sharaɗi, domin lamba ɗaya mutum ɗaya. Nemo_masu_suna kuma ya yi gaskiya da ya zo da sigar jam'i, yana gargaɗin cewa zaɓi ya rage ga mai kira.

Sharaɗi na huɗu, wanda littattafan ƙasashen waje ba su cika tsayawa a kansa ba amma shi ne ya fi kusa da kasuwarmu, shi ne sunan ya ambaci ma'auni. A babbar kasuwar Maraɗi ana ciniki da dala, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, ta yadda in mai saye ya ce dala ɗari, takardar sefa 500 yake nufi, jika kuma sefa 1000 ce. Ɗan kasuwar da ke bin hanyar Dan Issa zuwa Jibiya da Katsina yana riƙe da lissafi biyu, na sefa da na naira, canjinsu kuma ba ya zama wuri ɗaya. Hatsi ana auna shi da tiya, wadda ke ɗaukar wajen kilo biyu da rabi amma tana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, manomi yana ƙirga amfaninsa da dami, dillali da buhu, ma'aikatan hukuma kuma da kilo. To idan metod ya ce sunansa farashi kawai, ya dawo da 200, mene ne wannan 200 ɗin? Sefa ce, ko dala, ko naira? Na tiya ne ko na kilo? A mazhabar Malikiyya ciniki ba ya inganta sai an san kuɗi an san abin saye, jahilci a ɗayansu garari ne, lambar da ba ta da ma'auni kuwa ƙofar garari ce a buɗe. Kada a ce wannan ƙaramin abu ne: a watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter saboda manhajar wani ɓangare tana fitar da lissafi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma yana karɓarsa a matsayin ma'aunin mita da kilo. Suna irin farashin_kilo_da_sefa ya fi tsawo, amma ya toshe hanyar zato tun daga bakin ƙofa.

Sharaɗi na biyar shi ne ma'ana ɗaya lafazi ɗaya, lafazi ɗaya ma'ana ɗaya, wato a guji mutaradifi da mushtaraki duka. Yawan kalmomi masu ma'ana ɗaya ado ne a waƙa da huɗuba, amma a manhaja fitina ce, domin wanda ya ga ajiye a wuri, adana a wani, rubuta a na uku, dole ya yi zaton akwai bambanci, ya ɓata wuni yana neman abin da babu. Marubucin Maraɗi kuwa yana tsaye ne a mahaɗar harsuna uku: mai shago yana yi masa bayani da Hausa, takardun hukuma da karatunsa da Faransanci suke, kayan aikin da yake amfani da su galibi da Ingilishi aka gina su. Daga nan ake samun manhajar da rabin sunayenta Faransanci ne, rabi Ingilishi, wani lokaci ma a cikin suna ɗaya. Ba dole ne Ingilishi ya yi rinjaye ba, ga WinDev na kamfanin PC SOFT da ke Montpellier, wanda ayyukansa na rumbu ke ɗauke da sunayen Faransanci irin HAjoute da HModifie da HSupprime, kowane da harafin H a gaba don a san na rumbu ne. Hausa ma tana iya ɗaukar wannan nauyi, tun da Python da Java suna karɓar haruffa masu lanƙwasa a cikin suna, sai dai akwai tarko: allon rubutun da ke hannun yawancinmu ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, in kuwa aka yar da lanƙwasar, kare_rijista ba za a san ko tsare ta ake nufi ko kawo ƙarshenta ba. Ra'ayina shi ne a bi harshen kayan aiki wajen fi'ilai, a riƙe shi daga farko har ƙarshe, amma sunayen abubuwan da suka keɓanta da mu, irin tiya da dala da adashe, a bar su yadda masu abin ke faɗarsu, domin fassara su tana jawo ma'anar da ba tasu ba. Wannan ya yi daidai da abin da Eric Evans ya yi kira gare shi a littafinsa na 2003, cewa masu manhaja da masu sana'ar da ake yi wa aiki su yi magana da ƙamus ɗaya, wannan ƙamus kuma shi ne zai bayyana a cikin sunaye.

Akwai masu ja da wannan duka, kuma hujjojinsu sun cancanci a saurara. Wasu sun ce dogon suna yana nauyaya rubutu, yana gajiyar da ido. Gaskiya ne akwai haddi, wanda ya ga yadda Spring Data ke gina tambaya daga sunan metod, har suna ɗaya ya cinye layi guda, ya san wuce gona da iri aibi ne. Amma sau da yawa tsawon suna alama ce ta wata cuta dabam, wato metod ya ɗauki ayyuka da yawa. In ka ga ba ka iya raɗa masa suna sai da kalmar “da” sau biyu ko uku, to raba shi ya kamata, ba gajarta sunan ba. Wasu kuma sun ce sharhin da ake rubutawa a gefe ya wadatar. Amsa ita ce sharhi yana zaune wuri ɗaya, suna kuwa yana bin metod duk inda aka kira shi, kuma an sha gyara aiki a mance da sharhinsa, ya zauna yana ba da shaidar abin da ya riga ya shuɗe. Na ukunsu sun ce mai aiki yana gaggawa, kuɗin da ya biya kuma bai kai a tsaya zaɓen kalmomi ba, a bari sai daga baya a gyara.

Wannan hujja ta ƙarshe ita ce tarihi ya fi ƙaryatawa, domin suna in ya yaɗu cire shi yana da wuya ƙwarai. A harshen PHP an fara da mysql_escape_string domin tsabtace rubutu kafin a shigar da shi rumbu, da aka gane bai lura da tsarin haruffan da ake aiki da shi ba sai aka kawo wani aka kira shi mysql_real_escape_string, biyun suka zauna kafaɗa da kafaɗa shekara da shekaru suna rikita masu koyo, har aka janye su tare a fitowa ta 7 a 2015. A Spring Data JPA kuma akwai metod da aka fara kira getOne, wanda mutane suka zaci yana ɗauko layi daga rumbu, alhali wakili kawai yake miƙawa, ba ya zuwa rumbun sai an nemi abin da ke ciki. Aka sāke masa suna getById a 2021, ruɗun bai gushe ba, aka kuma sākewa zuwa getReferenceById a 2022, sa'an nan lafazi ya dace da ma'ana. Idan ƙungiyoyi masu dubban ma'abota ilmi sun sha wannan wahala kafin su gyara kalma ɗaya, yaya ƙaramin kanti ko ƙungiyar manoma, waɗanda ba su da mai duba musu sai wanda Allah ya kawo?

Hukuncin da nazarin nan ya kai gare shi shi ne, raɗa suna rukuni ne na aikin, ba ƙawa ce da ake yi in lokaci ya rage ba, kuma duk sunan da ya ɓoye canji, ko ya sassauta haɗari, ko ya yi shiru a kan adadi da ma'auni, ya saɓa alkawari ko da manhajar tana gudana lami lafiya a yau. Ina roƙon malaman da ke koyar da wannan fanni a Maraɗi su riƙa ba da maki a kan sunaye kamar yadda suke bayarwa a kan sakamako, su kuma sa ɗalibi ya karanta aikin ɗan'uwansa ya faɗi abin da kowane metod ke yi daga sunansa kaɗai, duk inda ya kuskure a koma a gyara sunan. Ina roƙon alhazai da shugabannin ƙungiyoyi, in sun ba da aikin manhaja, su zauna da marubucin su tsayar da kalmomin sana'arsu a takarda ɗaya kafin a fara, su kuma nemi a damƙa musu ita tare da aikin. Ku kuma matasa masu wannan sana'a, dukiyar mutane da haƙƙoƙinsu ne ke kwance a cikin jadawalin da kuke taɓawa, saboda haka kafin ku wuce kowane metod ku tambayi kanku ko baƙon da bai san ku ba zai fahimci aikinsa daga sunansa, in amsar a'a ce, ku tsaya ku gyara tun aikin yana hannunku. Allah ya sa mu cika amanar da aka ɗora mana.